Na Allah da Katunan Gida Bakwai

Ina da shekara tara na fara jin sunan Na Allah. Ranar da babana ya shigo gida da babur ɗan gwanjo, mata suna ta guɗa, kakata Hindu ta leƙo daga ɗaki, ta dubi babur ɗin sama da ƙasa, ta ce, "Allah dai ya sa ba irin na Na Allah ba ne." Guɗar ta tsaya cak. Na tambaya ko wane ne, aka ce in je in ɗebo ruwa. Sai da aka tura ni kolej a Tasawa, aka sauke ni gidan wani tsoho mai gyaran fitilu da bokitai a bayan tasha, sannan na san shi ne, kuma ƙanen kakana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu na yi a gidansa. Ba a zama ɗaya ya ba ni labarin ba. Tsintarsa na yi, kaɗan a bakinsa, kaɗan a bakin matarsa, Inna Ladi.

An haife shi a Garin Manzo, ɗan ƙauye mai gida bakwai a kan tudun rairayi arewa da Urafane. Tun yana saurayi hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Kwaɗo ya ƙi buɗewa, rediyo ya yi shiru, tocila ta mutu, duk gidansa ake kaiwa. Bai taɓa zama garaji ba, gyaransa na ido ne da kunne. Wata shekara da wake ya yi kyau ya sayi tsohon babur a hannun wani malamin lekol, wato makarantar boko, da aka canza wa gari. Babur ɗin ya riga ya ga duniya, amma Na Allah ya lallaɓe shi har ya zama shi ne motar garin.

Sai daminar tamanin da huɗu ta ƙi. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Jakuna suka mutu, aka sayar da awaki a banza. Ga iyakar Najeriya a rufe, esansi, wato man fetur, da kayan gyara sun zama sai mai dogon hannu. Na Allah ya tura babur ɗin cikin rumbunsa ya rufe. Ya ce tun da rumbun ba hatsi, gara ya riƙe wani abu.

Wata Talata da hantsi dogarin sarki ya iso a kan raƙumi. Ya ce ranar Alhamis sojoji za su zauna a Tasawa su rubuta garuruwan da za a kai wa hatsin agaji. Kowane gari ya aiko mutum guda da katunan lanho, wato na biyan haraji, na gidajensa, kafin azahar. Garin da ba a rubuta ba sai wani zagayen, kuma ba wanda ya san ranarsa.

Magidanta bakwai suka taru gindin gawo. Rabo, ɗan kawun Na Allah kuma abokin wasansa, shi ya fara magana.

"Ku ba ni katunan in kama hanya yanzu da ƙahwata. Kwana biyu, jibi da hantsi ina gabansu."

"Wace ƙahwar?" in ji Na Allah. "Kai da in za ka tashi sai ka dahwa ƙasa sau biyu? Ka hwaɗi a daji, angulu su cinye ka, iska ta kwashe katunan."

"To mi? Mu jira wancan tsohon naka da ke kwance cikin rumbu kamar mai jego?"

Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a garin.

"Mai jegon nan," Na Allah ya ce, "in na tashe shi, kafin Ladi ta gama shara ina Tasawa."

Ba alfahari kaɗai ba ne. Ya ga yadda wuyan Rabo ya tsuke, ya san mutumin sati biyu ke nan yana barin rabonsa na dafaffen ganyen tafasa ga ƴaƴansa. Mai gari ya dubi ɗaya, ya dubi ɗayan, ya tattara katunan bakwai ya ɗaure da tsumma, ya miƙa wa Na Allah.

Da aka fito da babur ɗin, tayoyinsa sun kwanta, ɓera ya cinye soson da ke tace iska. Na Allah ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya fara. Robar cikin taya ya yi mata faci da guntun tsohuwar roba. Wurin soson ya yanko soson wanka ya shafa masa ɗan mai ya cusa. Buji, abin da ke ba injin wuta, ya yi baƙi ƙirin. Ya gasa shi a garwashi, ya kankare shi da reza, ya jingina shi jikin ƙarfe ya buga ƙafa, sai ga ɗan tartsatsi shuɗi. Ya kwance karburato, inda mai ke haɗuwa da iska, ya jera ƴan ƙananan ƙarafan a faifai kamar mai tsintar wake, ya wanke, ya hura kowace kafa da baki. Takardar da ke tsakanin ƙarafan ta ruɓe, ya yanko wata daga kwalin sukari.

Saura esansi. Ladi ta shiga ɗaki ba wanda ya ce mata komi, ta fito da babbar tasar da ta rage a jerenta. Ranar Laraba ya taka har Urafane wurin wani da aka san yana ɓoye mai, ya dawo da kwalba biyu, tasar kuwa ta zauna can. Ya zuba, ya buga sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Ya zagaya garin sau ɗaya, mata suka fito bakin darni suna kallo. Rabo ya ɗaga hannu ya ce, "To, mai jego ya yi wanka."

Da yamma Ladi tana wucewa ta ja hanci.

"Malam, gidan duk warin esansi. Tasata ce ke tashi sama haka?"

Ya bi babur ɗin yana sansanawa. Ba ɗigo ko'ina. A kan murfin tanki ne warin ya fi ƙarfi, inda wata ƴar huda take kamar ta allura. Shekaru yana ganinta, bai taɓa kula ba, don lokacin mai araha ne. Amma shi manomi ne. Rumbu in ya tsage ana liƙe shi da laka. Goran iri ana toshe bakinsa tam. A shekarar yunwa duk abin da ke zuba sai a tare shi. Ya samo ƙaro, ya tauna ya yi laushi, ya danna a hudar, ya shafe gefen murfin ma. Warin ya ɗauke. Ladi ta ce madalla.

Abin da bai sani ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya masa, shi ne da wannan hudar tanki yake shan iska. Kamar gora ne, in iska ba ta shiga ta sama, ruwa ba ya sauka ta ƙasa.

Ranar Alhamis ana sallame asuba ya ɗaure katunan a ƙugu ya hau. Ya wuce Urafane lafiya. Rana na fitowa babur ya fara shaƙewa, ya ja, ya saki, ya mutu. Ya girgiza shi, ya ji mai yana motsi a ciki. Bai buɗe murfin ba, don kada ya ɓata liƙin. Ya duba buji, lafiya lau. Ya kwance ƙasan karburato, ya tarar a bushe. Sai ya ce lalle datti ne ya toshe hanya. Ya zare tiyon mai ya sa baki ya hura da ƙarfi, ya ji ɓul-ɓul a cikin tanki, mai ya zubo. Ya yi hamdala. Iskar bakinsa ce ta shiga ta saki man, shi kuwa ya ɗauka datti ya kora.

Bai yi nisa ba ya sake mutuwa. Ya sake hurawa. Ya sake tafiya. Tun yana ƙirgawa har ya daina. Kowace tsayawa sai ya kwance abin da ya riga ya duba, yana neman dattin da babu shi. Kowace hura sai esansi ya shiga masa baki, a kan cikin da ba komi sai ruwan dusa. Ya yi amai sau biyu. Wani ɗan ƙaramin kusa ya faɗa cikin rairayi, ya durƙusa yana tankaɗe ƙasa da yatsu har inuwarsa ta dawo ƙarƙashinsa. Mutane na wucewa da kaya a ka, sun nufi kudu, ba mai ƙarfin tambayarsa. Daga baya jiri ya hana shi hurawa, sai turawa. Ya yi tunanin ya yar da babur ɗin ya tafi da ƙafa, ya tuna tasar Ladi, ya ci gaba da turawa.

Ana kiran la'asar ya shiga Tasawa. A filin da aka ce, ba kowa sai sawun manyan motoci da wani mai rubutu yana ɗaure takardu. Na Allah ya kwance katunan ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, an ruhe. Littahin yana cikin mota, sun tahi da shi."

"Gida bakwai ne kawai, ranka ya daɗe. Ko a bayan takarda."

"Ni rubutu nike, ba ni ke ba da oda ba. Ka jira wani zagaye."

Ya tura babur ɗin zuwa inuwar wani bakanike da ake kira Ɗan Malam, ya gaya masa yadda aka yi. Mutumin ko ƙarfe bai ɗauka ba. Ya murɗa murfin tanki, sai aka ji ya ja iska, fuu. Ya juya murfin, ya kankara da farce.

"Wane ɗan banzan ne ya liƙe wanga?"

"Ni ne."

Ɗan Malam ya dube shi, ya ga katunan a hannunsa. Ya tsinci ƙayar aduwa a ƙasa ya soka a hudar. Bugu ɗaya babur ya tashi. Bai karɓi komi ba.

Da ragowar man ya koma gida ba tsayawa ko sau ɗaya, wannan kuwa ya ce ya fi komi ƙona masa rai. Yana iya cewa injin ne ya lalace, da ba wanda zai ƙaryata shi. Amma a gindin gawo ya mayar wa kowa katinsa, ya faɗi abin da ya yi da hannunsa. Ba wanda ya zage shi. Wani ya ce haka Allah ya so, aka watse.

Zagaye na biyu sai bayan wata biyu ya zo. Kafin nan an binne yara uku a Garin Manzo, gida huɗu kuma sun tashi sun yi kudu. Biyu sun dawo da damina. Biyu ba a sake jin ɗuriyarsu ba, har da gidan Rabo. Ranar da Rabo zai tafi ya biyo ta ƙofar Na Allah, ƙaramar ɗiyarsa a wuya.

"Ka ce ba ni da ƙahwa," ya ce. "To ga ta nan, za ta yi aiki." Ya yi murmushi, don wasan taubasai ba ya mutuwa.

Bayan shekara Na Allah ya sayar da gonarsa ya koma Tasawa. Ba korarsa aka yi ba. Gaisuwar mutane ce ya kasa ɗauka. A gidansa bai cika magana ba, sai dai ni yakan tsokane ni, ya ce amaryarsa ta fi son littafi da miji. Duk Lahadi kuma yakan bar fitilu ya je tasha ya tsaya inda motocin kudu ke sauke mutane.

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito aka ce zan wuce lise, babbar sakandare, a Maraɗi, ya kira ni yana cikin liƙe gindin wani bokiti. Bai ɗago ba.

"Zara'u, can gari ne babba, mutanen Katsina da na Kano suna shigowa. In kin ji wani ya ce shi asalin Urafane ne, kada ki ji kunya, ki tambaye shi. Ki ce Rabo na Garin Manzo, dogo, mai tabon ƙuna a hannun hagu. Ɗiyar sunanta Jummai, yanzu ta isa uwar wasu. Ba sai sun zo ba. Ki dai ji mini ko sun kai."