Haƙora Biyu da Na Rasa da Cikin Fari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun saba ganin hotunan jikoki a shafina, amma akwai abin da na yi kusan shekara hamsin ban ba kowa labarinsa ba. Jiya maƙwabciyata ta ce dasashinta na jini, ta yi dariya ta wuce. Shi ya sa na kasa shiru.

Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, bai zama Suleja ba. Ina amarya a Chaza, da ciki wata huɗu.

In na yi asuwaki na tofar, sai in ga ja. A zamanin muna cin goro da furen taba don haƙora su yi ja su yi kyau, sai na ce ai goro ne.

Da abin ya yi yawa na gaya wa surukata. Ta ce, "Ke yarinya, kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya. Ni uku na bayar." Ta miƙo mini kanumfari.

Dasashin ya kumbura, ya fara mugunya. Bakina ya yi wari. Na daina dariya, in zan yi magana sai na kare da mayafi. Tauna ta gagara, sai koko. Na rame, ga ciki.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauka fushi nake da shi. Wata safiya ya zaunar da ni ya ce, "Hadiza, in laifi na yi miki, ki faɗa."

Bakina kawai na buɗe masa.

Ya ce, "Subhanallahi! Da wannan kike kwana kike tashi?"

A asibitin gari babu likitan haƙori, sai aka ba mu takarda zuwa Kaduna. Dawarsa ya sayar muka yi kuɗin mota da na magani.

Likitan ya taɓa haƙoran ƙasa, biyu suna girgiɗi. Ya ce, "Baiwar Allah, datti ne ya daskare a gindinsu, ciki ya ƙara rura ciwon. Waɗannan biyun kin makara."

Na ce, "Likita, ɗan cikina fa?"

Ya ce, "Ki samu bakin cin abinci, shi ne gatan da za ki yi masa."

Ya cire biyun, ya kankare sauran. Na sha azaba, ba zan ɓoye ba. Sau uku muna komawa. Kullum ruwan ɗumi da gishiri, buroshi safe da dare. Bayan 'yan makonni jinin ya tsaya, na ci tuwo har da ƙari.

Na haifi 'yata ƙarama ƙwarai, amma ta rayu. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitan nan, ko sunansa ban riƙe ba.

Don Allah, in kun ga jini a asuwaki ko buroshi, ku je a duba, musamman masu ciki da masu ciwon suga. Ku goge har bakin dasashi, a hankali. Kada kunyar wari ta sa ku ɓoye wa na gida.

Na haifi bakwai bayan ita, kuma ba wanda ya tafi mini da haƙori ko ɗaya.