Abin da Tela Awo-Ɗaya Ke Ɓoyewa a Ƙirji

Matso kusa, yau na zo da sirrin da zai sa ka manta ka ɗora tukunya a wuta. Sirrin telan layinmu ne, Awo-Ɗaya. Amma dakata, idan ba ka san mutumin ba, ba za ka ji daɗin maganar ba.

Tun ina yaro yake wannan shagon mai ƙofa shuɗiya, da kekensa baƙi da ya girmi rabin unguwa. Sunan ma daga aikinsa ya samo shi: sau ɗaya yake auna mutum. Zai ce ɗaga hannu, ya rungumo ka da tef, ƙirjinsa a naka, kunnensa kamar mai sauraren hanjinka. Shi ke nan. Ko bayan nan ka yi tumbi kamar randa, rigar za ta san da zuwansa.

To sai mutumin nan ya yi jinya ya dawo, ya daina runguma. Ka shigo, sai ya ja da baya har bango, ya ce ajiye wayarka a kwandon bakin ƙofa, ya ƙanƙance ido ya auna ka daga nesa. Sakamakon kuwa, ba a magana. Direban makaranta ya karɓi wandon da shi da matarsa za su shiga su bar wa baƙo wuri. Mai gyaran famfo aka ɗinka wa rigar da ko kyanwarsa sai ta riƙe numfashi. Mutane suka fara sulalewa wajen sabon telan tsallaken titi, shagon da ba ka samun wurin zama ya koma sai ƙuda.

Ga kuma ƙara. Duk motsin da ya yi sai ka ji ƙacau-ƙacau a jikinsa, kamar ana murje ledar biskit. Na tambaye shi, ya ce sitaci ne ya yi yawa.

Ni fa ba na son shiga harkar mutane, kowa ya shaida. Kawai dai ranar ina bayan labule ina gwada wandona, sai ga babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta faɗo shagon a fusace. Wa zai fito da wando a gwiwa? Sai na tsaya, kunnena kuma ya manne da labule da kansa.

Ashe a jinyar nan na'ura aka dasa masa a ƙarƙashin fatar ƙirji, 'yar ƙarama mai batir, ita ke daidaita masa bugun zuciya. Rannan ya ji a rediyo wai irin waɗannan na'urori suna magana da injin asibiti ba tare da igiya ba, kuma gwanin kutse zai iya shiga ya taɓa su. Daga nan kowane aljihun gaba mai waya a ciki ya zame masa bindiga. Ya zauna ya ɗinka wa kansa 'yar ciki, ya shafe ta da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, wai ta tare masa kutse. Ɗinki fes, har da maɓallai.

Uwata ta ce likita ya gaji da kira. Likitan ya ce gaskiya ne an gano kafar kutse a irin na'urarsa, amma sai mai kayan aiki na musamman da ya zo dab da shi, ba mai wayar kallon ƙwallo ba. Kuma an fitar da gyara, ba yanka ba ɗinki, abu za a ɗora masa a ƙirji a sabunta. Tela ko ya kafe: tunda ana iya sabuntawa daga waje, ai ana iya lalatawa daga waje.

"Shi ya sa za a toshe kafar, Baba," in ji ta. "Kai ka toshe masu kawo ɗinki, ka bar ta a buɗe."

Ya gyara zama, sai ƙacau. Can ya ce, a hankali, "Uwata, hannuna ne ke kewar tef. Idan na je, zan koma auna mutane kamar da?"

Ta ce zai auna har ya gaji. Ya ce to gobe da safe, amma kada kowa ya ji, musamman mai bakin nan na layinmu. Wa yake nufi, oho.

Daɗi ya kama ni, na manta wandon ya fi ni tsawo, na taka ƙafarsa. Ni da labule da sandar labule muka zube a gabansu gaba ɗaya.

Awo-Ɗaya ya dube ni, ya dubi wandon da ya taru a ƙafata kamar buhu. Ya tambayi ina wayata, na nuna kwando. Sai ya zaro tef daga wuyansa, ya tako har gabana, ƙacau-ƙacau.

"Tunda ka riga ka ji komai, ɗaga hannu," ya ce. "Amma in maganar nan ta fita layi, bakinka zan auna."