Neman Takardun Kakan Maman Hafsat

Talata: Xintang zuwa Tianhe

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, muna idar da sallah, muka rufe gidanmu na Xintang a ƙasar China, ni da maiɗakina Maman Hafsat. 'Yar China ce, ta musulunta kafin aurenmu, yau shekara tara. 'Yarmu Hafsat muka miƙa ta ga iyalan maƙwabcinmu Alhaji Issaka, mutumin Kumasi.

Tafiyar ba ta daɗi ba ce. Mahaifin matata ya rasu da ciwon karkarwar jiki bai cika hamsin ba. Watan jiya ita ma hannunta ya soma rawa. Likita ya ce a bincika ko kakanta ya yi irin ciwon. In ya yi, to na gado ne, kuma yana iya kaiwa ga Hafsat. Kakan tsohon soja ne, ya rabu da iyali tun mahaifinta yana goye, ya ƙare rayuwarsa a gidan kula da tsofaffin sojoji. Sunansa kawai muka riƙe, Chen Fu, da sunan ƙauyensu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke mu Tianhe bakwai da rabi. A bakin fita ɗan sanda ya tare ni, ya juya fasfona gaba da baya, ya sake ni. A ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji muka yi zaman awa biyu kafin a ba mu takardar izini.

Bas, kilomita sittin arewa

Kuɗin mota kwai ashirin da biyar kowannenmu, kwai kuwa kuɗin China ne. Direba ya ji inda za mu, ya leƙo ni ta madubi.

"Laoban," ya ce, wato maigida, "can ba a sayar da wandon jins."

Na yi yaƙe, don ya ɗauke ni ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya. Matata kuwa ta cusa hannuwanta ƙarƙashin jaka don kada in gani, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka isa ƙofar gidan. Mai gadi ya karɓi fasfona ya shige da shi ciki. Baƙo a ƙasar nan in fasfonsa ya ɓace masa da gani, ba shi da sauran kwanciyar hankali. Minti arba'in ina tsaye ina salati, sannan ya dawo ya ce mu shiga, amma ban da waya.

Mai kula da ɗakin takardu wata dattijuwa ce, Madam Luo. Ta ciro fayil mai sunan Chen Fu, tana karantawa matata na fassara mini. Hannunsa ya fara rawa yana da arba'in da biyar. Daga baya ya kasa riƙe cokali. Daga baya ya daina gane mutane. A nan muryar matata ta tsaya.

"Baban Hafsat," ta ce a hankali, "in na kai haka, kada ka bari Hafsat ta gan ni."

Takardar na zura wa ido, ni da ban iya karatunsu ba, na ce ta duba mini ƙauyen. Ta duba, ta sake dubawa. Ba ƙauyensu ba ne. Madam Luo ta ce masu sunan biyu ne suka zauna a gidan. Fayil na biyun yana tsohon sito, mai makullin kuma sai gobe.

Masauki biyu suka ce mini "meyo", wato babu, don ba su karɓar ɗan ƙasar waje. Na uku ya karɓe mu a kwai ɗari da tamanin. Muka sami shagon Musulmi mai taliya da naman sa. Matata ta tsakura kaɗan ta ture kwanon.

Laraba

Ƙarfe takwas muna bakin ƙofa. Tara da kwata aka kawo fayil ɗin, gefensa duk asu ya ci. Ƙauyen nasu ne, ga kuma sunan kakarta a shafin farko. Matata ta ce ba za ta iya ba, Madam Luo ta karanta.

Ya shiga gidan da harsashi a cinya. Ya rayu shekara tamanin da ɗaya, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Sai dattijuwar ta ɗora yatsa a kan wani layi ta yi murmushi: shi ne wanzamin gidan. Da aska yake yi wa 'yan uwansa aski da gyaran fuska, har shekarar da ya rasu. Mai rawar hannu kuwa ba ya riƙe aska.

Matata ta kifa kai a kan teburin ta yi kuka mai yawa. Madam Luo ta bar ta, ta je ta kwafo mana shafukan da hoton tsohon.

Komawa

Bas ɗin sha ɗaya muka hau. A hanya ta ce, "Saura wajen kakata mace, ba mu san komai ba." Gaskiya ne, kuma gwajin jini na jiranmu ranar Litinin. Tsoron bai tafi ba, ya dai ragu har muka iya cin abinci a tasha.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin muka shiga Xintang. Hafsat ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo, ta ce kunnuwansa irin nata ne.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan Madam Luo da gidan Alhaji Issaka. Ku kuma na gida, ku sa Maman Hafsat a addu'a ranar Litinin.