Ranar da Régis Ya Zaga Garinsu da Hular Kaba

Régis Bonnafoux mutumin Arles ne, a unguwar bakin kogi aka haife shi, a nan kuma ya tsufa. Ubansa yana dakon yashi a jirgin ruwa, uwarsa tana wankau. Tun yana ɗan saurayi ya shiga ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, inda rabin mazan garin ke samun abinci a lokacin, ya koyi walda. A nan ya haɗu da Yvon da Norbert. Yvon dogo ne mai surutu, Norbert gajere ne mai son ci, shi kuwa Régis ba ya magana sai an tambaye shi.

Da aka rufe ma'aikatar, aka ce kowa ya zaɓa, ko ya bi aikin zuwa wani gari ko ya karɓi sallama. Yvon ya tafi can arewa, Norbert ya koma Lyon. Régis ya ce shi ba inda za shi. Matarsa Arlette ta yi fushinta ta gaji ta haƙura. Ya kama ɗan shago a bayan kasuwa yana ƙera ƙyamaren ƙarfe da makarin taga, har ranar da hannunsa ya fara rawa ya ajiye aikin. 'Yarsu ɗaya, tana aikin jinya a Marseille.

Bazara ba lokacinsa ba ce. Da zarar 'yan yawon buɗe ido sun cika gari, sai ya sauya hanyar zuwa sayen burodi, ya rufe tagogi kafin rana ta take. Ba ƙin su yake yi ba, tare hanya ce da suke yi ba ya so.

Yana da shekara saba'in da 'yan kai Yvon ya bugo waya. Matar Yvon ɗin ta rasu, zaman gida ya ishe shi, ya kuma riga ya shirya da Norbert za su zo. Ya ce a duk zamansa a Arles bai san komai ba sai hanyar aiki da ta mashaya, don haka wannan karon yana so a zaga da shi kamar kowane baƙo. Régis ya ce to.

Suka iso ana tsakiyar zafi. Tun a tasha Yvon ya sayo hulunan kaba uku, ya ɗora wa Régis ɗaya. Da Arlette ta gan su ta yi dariya har ta zauna.

"Kai dai ka bi ta lungu," in ji ta, "kada mai burodi ya gan ka."

Suka fara da tsohon filin wasan Rumawa. Régis ya sha shigarsa kallon wasan bijimai, amma bai taɓa hawa hasumiyarsa ba. Norbert ya tsaya a tsakiyar matakala ya ce gwiwarsa ta ƙi, su je su ba shi labari. Daga sama ana hango jajayen rufin gidaje da kogi. Yvon ya yi ta nuna wurare yana faɗin sunayensu ba daidai ba, Régis bai gyara masa ba. Shi abin da ya lura da shi, rufin gidansa akwai wurin da ya zame, ya ƙudura zai kira mai gyara.

Daga nan suka leƙa farfajiyar tsohon coci, inda Yvon ya karanta duk wani allo da ƙarfi. Da rana suka ci naman bijimi da shinkafa a ƙarƙashin rumfa. Norbert ya share farantinsa da burodi, sannan ya ce girkin bai kai na uwarsa ba.

"Shi ya sa ka bar saura ke nan," in ji Yvon.

"Ni aƙalla haƙorana nawa ne, tsohon banza."

Bayan cin abinci Yvon ya ce saura tsohuwar ma'aikatarsu. An daɗe da mayar da rumfunanta wurin baje kolin hotuna, duk bazara mutane suna layi a ƙofa. Régis yana wucewa ta gaban wurin kusan kullum, bai taɓa shiga ba, kuma ba wani dalili ne da shi ba. Suka bi layi suka yanki tikiti.

Ciki fes, an shafe bango da farin fenti, ƙasa sumul, ba warin mai ba ƙarar guduma. Ginshiƙan ƙarfe ne kawai suke yadda suka san su. Yvon bai kalli hoto ko ɗaya ba. Ya shiga neman inda injinsa na feƙe ƙafafun jirgi yake a da. Ya ce kusa da babbar ƙofa ne, Norbert ya ce sam, can ƙurya ne, ai a nan shi Norbert yake ɓuya in shugaban aiki ya shigo. Gardama ta yi tsawo, murya ta tashi, har wata mai kula da wurin ta zo ta ce, "Don Allah, baba, a rage murya." Yvon ya gaya mata a nan ya yi aiki tun ba a haife ta ba. Ta ce kakanta ma haka, ta faɗi sunansa, babu wanda ya tuna shi a cikinsu.

Régis ya bar su ya samu benci ya zauna. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa masa a rai, bai ji komai ba sai sanyin wurin, wanda a da ko kusa babu shi. A gabansa akwai babban hoton wata mata tsaye cikin rafi, ruwa iya gwiwa, tana wanke farin doki. Bai san ƙasar ba, bai kuma tashi ya karanta ba. Ya daɗe yana kallo, sai da Norbert ya taɓa shi suka fita.

Da yamma suka zauna a teburin Arlette. Yvon ya ce da ya sani bai shiga ma'aikatar ba. Norbert ya ce gara hakan da a ce an rushe. Suka juya ga Régis.

"Rufin dai ya daina yoyo," ya ce.

Washegari ya raka su tasha. Yvon bai sake zuwa Arles ba. Suna gaisawa ta waya a sabuwar shekara, suna hirar ciwon baya da jikoki, ba sa tayar da zancen ma'aikata. Norbert yakan zo jefi-jefi, ya ci ya koma.

Kafin bazarar ta ƙare Régis ya kai Arlette ta ga hoton. Ta ce dokin ya rame, amma ta yaba da bencin. Da shekara ta zagayo ya koma shi kaɗai, ya tarar da hotunan manyan duwatsun ƙanƙara a wurin. Ya tambaya, aka ce masa kowace bazara ana kawo sababbi. Ya zauna ya kalli waɗannan ɗin ma. Har yanzu yana zuwa, yawanci ranar Talata, bayan ya kai wa Arlette cefane gida.