Takalmin Uwar Rigima

A bencin ofishin ruwa, mai shagon magani ta kasa ɗauke ido daga wata mata da ke tsaye bakin ƙofar manaja. Za ta kai hamsin, gajera ce, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta, muryarta duk ta dishe. Da gani ita matan unguwarsu suka turo kan famfon da ya ƙafe.

Ana kiranta ciki, igiyar takalminta ta tsinke. Kafin ta sunkuya, ƙawarta da ta rako ta ta tuɓe nata ta turo mata da ƙafa.

"Saka, uwar rigima. Kar ki fito sai ya sa ranar gyara."

"Ƙafar nan taki kamar faranti!" in ji matar tana dariya, ta ja takalman ta shige.

Ƙawar na zaune tana kaɗa yatsun ƙafa a kan siminti, ko a jikinta.

Mai shagon ta dubi nata takalmin, sabo fil. Ta lalubi duk matan da take gaisawa da su, ba ta samu ko ɗaya da za ta zauna ba takalmi dominta ba.