Takardun da Ban Kai Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina tashar Jibiya ina jiran lodi, wayata ta yi ƙara. Mutmainna ce, 'yarki ta fari. Ta ce, "Lawwali, Inna ta cika." Aka sallace ki bayan La'asar a Magama. Ni na riƙe makara ta wajen ƙafafu, kuma har muka dawo ban iya ɗaga ido na dubi kowa ba.

Inna Hajara, shekara talatin da biyar kika yi kina karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin Magama. Rabin direbobin da ke layin kan iyaka ke kika yanke masu cibiya, ni ma ina ciki. Mata na zuwa daga Bugaje da Kusa, wasu daga tsallake, wajen Ɗan Isa, a bayan amalanke. Ba ki taɓa tambayar mace takardar ƙasa ba. Wata shekara wani ma'aikaci ya yi maki magana kan haka, kika ce mashi naƙuda ba ta san boda ba, ya matsa ya ba ki hanya. Mahaifiyata har ta rasu tana faɗin yadda na fito ba numfashi, kika yi ta murza mani baya kina faɗa, wai "tashi, malalaci", sai da na tsanyara kuka.

Tun daga nan kika ɗauke ni miji na wasa. Ko ina da furfura, in kin hango ni sai kin ɗaga murya: "Maigida, ina cefanen?" Ni kuma in ce na sake ki, kin tsufa. 'Yan tasha su yi ta dariya.

Da kika ajiye aiki, fansho na shigowa, ba yawa, amma yana isar maki maganin hawan jini da gero. Kika kafa tebur a bakin shingen kan iyaka kina sayar da zoɓo da kunun aya, kin ce zaman gida ciwo ne. Sai aka zo tantance 'yan fansho. Na'ura ta ƙi karanta yatsanki. Hannun da ya shekara talatin da biyar cikin ruwan zafi da sabulu, ina zanen zai tsaya? Aka cire sunanki, aka ce ki kai takardunki ofis a Katsina a tabbatar kina raye. A daidai lokacin kuma an rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko, mai sayen zoɓo ya ɓace. Ga gwiwoyi sun hana ki tafiya.

Nan ne na shigo, kuma wannan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Fabrairun bara kika miƙo mani ambulan mai ruwan ƙasa, kin ɗaure shi da zare. Kika ce, "Maigida, kullum kana Katsina. Sun ce wakili zai iya kaiwa da takardar likita. Ka kai mani." Na ce an gama.

Na je. Na tarar da tsofaffi cike da harabar, wasu zaune a kan takalmansu, wasu sun shimfiɗa rawani. Na tsaya kamar rabin awa, ɗan kamashon tasha na ta kira a waya wai layina ya zo. Na ce gobe. Na jefa ambulan a aljihun gaban mota. Da yamma kika tare ni da fara'a, kika ce, "An dace?" Wallahi ban san sa'ad da bakina ya ce, "Na kai, Inna," ba.

Wannan ƙaryar ita ta ɗaure ni. Sau ɗaya na koma, aka ce mai karɓa ya fita, na ji kamar an sauke mani kaya. Daga nan kullum sai gobe. Da aka yi wata uku kuma sai tsoro ya shigo: in na kai yanzu za a buga kwanan wata, ki gane. Kowane ƙarshen wata kina dogara sanda zuwa wurin mai cirar kuɗi, ya sa katinki, ya girgiza kai. Ki dawo ki ce Allah ya isa tsakaninki da masu riƙe da haƙƙinki, ni kuwa ina gefe ina cewa amin. Na koma bi ta bayan kasuwa don kada mu haɗu. Da azumi na kai maki tiya biyu ta shinkafa, kika riƙe hannuna kina shi mani albarka, wai ni kaɗai na tsaya maki. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Ba zan wanke hukuma ba. Wanda ya sa tsohuwa mai shekara saba'in ta yi tafiyar da ba ta iyawa don ta nuna ba ta mutu ba, zai yi bayani gaban Allah. Amma Malam Yahaya, tsohon hedimasta, ɗansa ya kai nashi a makon da kika ba ni naki. Ya sha jira, wata bakwai, aka dai mai da sunansa cikin 'yan fansho. Ke kuwa a watannin nan kina raba ƙwayar magani biyu don ta kai ki.

Ranar addu'ar uku na ɗauki ambulan na shiga gida, zaren da kika ɗaura ko kwance shi ban yi ba. Na durƙusa gaban Mutmainna na faɗi komai. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ai ta sani. Ran da ka kai ta asibiti a Disamba, da motar ta faɗa rami aljihun ya buɗe, ta gani."

Na tuna. Kina gaba kusa da ni, kika sa hannu kika rufe shi a hankali, kika ci gaba da jan carbi. Na zaci idonki bai kai ba.

Mutmainna ta ce ta so ta zo tasha ta yi mani tas, kika hana. Kika ce, "Mi za ki ƙara mashi? Kunya na cinsa tun tuni. Ƙyale shi, zai kai."

Na kai, Inna. Jiya na kai. Na bi layi tun safe har Azahar, ban motsa ba. Da na isa gaban tebur, ma'aikacin ya duba ya ce yanzu kuma takardar shaidar rasuwa za a haɗo.

Allah Ya jiƙanki, Ya yi maki rahama, Ya haskaka kabarinki. Ya sa kowane jariri da ya fara numfashi a hannunki ya zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga Mutmainna da ƙaninta Maharazu, da jikoki, da matan Magama da na tsallake. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, don wadda ya kamata in roƙa gafara ta rufa mani asiri ta tafi, ban buɗe baki ba.