Ciwon Wayar Inna

Shekarun baya, wata Talata da hantsi, ina kan keke a shagona na ɗinki a Kazaure, yayata ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Auta, sai haƙuri. Inna ta cika." Na yi salati, na sauke ƙafata daga kan keken. Da na ajiye wayar, fim ɗin da nake kallo ya ci gaba da kansa. A lokacin na gane abin da ya sa tun safe babu wanda ya katse mini kallo.

Sai na ɗan koma baya kafin ku fahimci wannan.

Mahaifiyata tana zaune ne a ƙauyenmu, gaba da Babura kaɗan, dab da iyakar Nijar. Da ciwon gwiwa ya raba ta da gona, zama ya yi mata yawa, sai na saya mata babbar waya na sa mata manhajar da nake kallon finafinai da ita. Rajista ɗaya muke amfani da ita, irin wadda mutum ɗaya ke kallo a lokaci guda. In ta shiga a fitar da ni, in na shiga a fitar da ita.

Inna ba ta yi boko ba, don haka duk abin da wayar ta yi, ni za ta kira. Kuma tana da nata sunayen. In hoto ya tsaya, ɗan zoben nan yana juyawa, sai ta ce, "Auta, maraƙin ya fara zagaya turke." Sai in ce ta kashe wayar ta kunna. In bai yi ba, in ce ta taɓa abin nan mai haƙora a kusurwa, ta zaɓi layin ƙasa, hoton ya ɗan dishe amma ya tafi. Wani lokaci wayar takan kama sabis ɗin Nijar, komai ya tsaya cak. Sai ta ce, "Ta tsallaka kuma. Ko sefa ta je nema oho." Na koya mata yadda za ta dawo da ita gida. Na koya mata goge hotunan biki in wayar ta cika, ko da yake ba ta taɓa goge ko ɗaya ba tare da ta faɗa mini sunan kowa a ciki ba. Na kuma nuna mata inda sabis ya fi ƙarfi: gindin rumbu, in kuma abin ya yi tsanani, kan tudun da ke bayan gonarmu. Wannan na ƙarshe da wasa na faɗa.

Ni kuwa sai na ɗauki kaina wani babban injiniya, alhali iyakar ilimina a kashe a kunna ne.

Lokacin kallonta ba ya sauyawa. Da ta idar da walaha, sai ta jawo faifan gyaɗa, ta jingina wayar da tulu, tana ɓara tana yi wa mutanen cikin fim faɗa. Wani dogon shiri take bi, mai kashi-kashi da ba ya ƙarewa. Matsalar ita ce, ni ma lokacin nake son kallo, don yana rage mini nauyin aiki.

Ana saura kwana takwas Babbar Sallah, ɗinki ya taru mini har rufi. Masu kaya suna zuwa suna zagi cikin ladabi. Ran nan an fitar da ni sau uku a jere, raina ya ɓaci, na shiga na canza lambar sirrin. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce a raina, bayan Sallah na mayar mata.

Ba a yi minti goma ba ta kira.

"Auta, yau wani sabon ciwo ne. Ba maraƙi, ba mutane. Wasu fararen akwatuna biyu ne, da rubutun Nasara."

Na san ko mene ne. Lambar ake tambayarta. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Inna, ki kashe ki kunna."

Ta kashe ta kunna. Ta sake kira. Na ce ta duba ko ta tsallaka Nijar. Ta ce tana gida. Na ce to wataƙila daga kamfani ne, a yi haƙuri kwana biyu. Ta ce, "To, Allah ya ba su lafiya. Kai ka ci abinci kuwa?"

Kwana tara aka yi a haka. Ta ƙara kira sau biyu, daga nan ta daina maganar wayar, sai dai ta tambayi aiki. Ni kuma na yi ta kallona babu mai katse ni, kuma gaskiya ban ji daɗinsa yadda na zata ba.

Washegarin Sallah na hau motar Babura, na ƙarasa a kan babur. Bayan mun gaisa, ta sa mini tuwo da naman layya, sannan ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi, a naɗe cikin ɗankwali.

"Ga marar lafiyarka. Duk abin da ka koya mini na yi. Na zauna gindin rumbu har kaji suka saba da ni. Tudun nan ma na hau, sau biyu."

Na ce, "Wane tudu, Inna?"

"Na bayan gona mana. Ba kai ka ce can ya fi ba? Da sanda na je, a hankali. Hawan bai kai saukowar wuya ba."

Na dubi gwiwarta, a ɗaure da tsumma. Na karɓi wayar.

Aikin bai fi na rabin minti ba, amma na juya mata baya na yi ta latse-latse kamar mai gyara na gaske, don kada sauƙin abin ya tona ni. Da mutanenta suka bayyana, ta tafa hannu ta ce, "Kun dawo, 'yan nema!" Sannan ta dafa kaina. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Har ta kira maƙwabciyarmu ta katanga, ta ce ta zo ta ga Auta, kamfani guda ya kasa, shi ya gyara yana cin tuwo.

Maganar tana bakina. Inna, ni ne. Ki yafe mini. Amma ga maƙwabciya a tsaye, ga albarkar da aka gama sa mini, sai na ce bari a keɓe. Da aka keɓe kuma na ce bari sai wani zuwan.

Daga ranar ban sake jin haushin a fitar da ni ba. In hoton ya ɗauke da hantsi, sai in ajiye wayar in ce wa abokin aikina, "Inna ta idar da walaha." Ya zama kamar gaisuwa. Ko ba ta kira ba, na san ta tashi lafiya, tana zaune da faifanta. Wata biyar muka yi a haka, har zuwa wannan Talatar.

Ranar sadakar uku, muna zaune da yayata a ɗakin Inna muna naɗe kayanta, na kasa riƙewa, na ba ta labarin duka. Ta ajiye zanen da take naɗewa. Sannan ta ce, "Ai a kwanakin da wayar ta ƙi na zo daga Yankwashi, na ce ta kawo in kai wa masu gyara a Babura. Ta hana. Ta ce, ki ƙyale, aiki ne ya yi wa Auta yawa. In ya gama ɗinkin Sallah, wayar za ta warke."

Na ce, "To in ta sani, me ya kai ta tudu?"

Ta ce, "Wannan kafin nan ne. Ina jin tana so ta tabbatar ba kai ba ne."

Har yau ban san iyakar abin da Inna ta sani ba. Abin da na koya dai ƙarami ne. Yanzu in wani dattijo ya miƙo mini waya ya ce ta ƙi, nakan ajiye almakashi in duba masa da gaske, kuma ba na cewa a kashe a kunna sai in har shi ne maganin. Yayata takan ce Inna ta yafe mini tun kafin in nema, ni ma ina kyautata zaton haka, ina kuma yi mata addu'a bayan kowace salla. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

Wayar tana wurina, a cikin ɗankwalin. Shirinta yana nan inda ta tsaya, ban taɓa shi ba. Dama na riga na tsayar da cewa ran Juma'ar makon da ta rasu zan je gida in gaya mata da bakina. Ban samu na gaya mata ba.